Giranda Na Cinye Cizal a Shagunan Kafintoci

Wanda ya bi ta layin masu kujeru a Gandun Albasa a Kano, ko ya kutsa cikin Fanteka a Kaduna da hantsi, sau da yawa ƙarar giranda zai fara ji kafin ta zarto. Da an kawo wuta, yaron shago zai ɗauko cizal ɗin da ya ci karo da ƙusa jiya, ya kwantar da girandar hannu a ƙasa ya take ta da ƙafa, ya danna bakin cizal a jikin faifan. Tartsatsi ya yi ta feshi. Kafin minti guda bakin ya yi fari tas, kusurwa ɗaya kuma ta yi shuɗi. Ya gwada a gashin hannunsa, ya ga ya aske, ya miƙa wa maigida. Ba a gama huda ƙafar kujera biyu a maɗaci ba bakin ya lanƙwashe. "Kai, kayan yanzu ba su da ƙarko," in ji maigida, a tsine wa ɗan kasuwar da ya sayar, a haɗa da ƙasar da aka ƙero shi.

Gaskiya ne akwai cizal na banza a kasuwa. Amma da yawa daga waɗanda ake zagi lafiyarsu ƙalau suka iso shagon, a kan faifan giranda suka mutu.

Injin washi ya shigo sana'ar kafinta, kuma ya kamata ya zauna. Babu dalilin da zai sa mutum ya ɓata rabin yini yana goga bakin da ya ɓalle a kan dutse alhali inji zai yi aikin cikin 'yan mintuna. Rigimar tana kan wane inji, a wane gudu, da kuma inda aikinsa ya kamata ya tsaya. A nan ne shaguna da yawa ke tafka asarar da ba ta shiga lissafi, domin ba a rana ɗaya take fitowa ba.

Cizal da ƙarfen filen na hannu galibi da ƙarfe mai sinadarin kabon ake yin su. A masana'anta ana gasa ƙarfen har ya yi ja, a tsoma shi a mai ko ruwa ya ƙanƙare, sannan a sake ɗumama shi a hankali a wajajen digiri 200 na ma'aunin Selshiyos don ya rage gautsi. Abin da ke fitowa ƙarfe ne mai taurin 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell, wanda zai riƙe kaifi ba tare da ya tsinke ba. Duk zafin da ya wuce na wannan ɗumamawa ta biyu warware aikin yake yi. Ƙarfen kuma ba ya ɓoye halin da yake ciki, da launi yake faɗa. A wajajen digiri 220 yakan yi ruwan kara, a 250 ya koma ruwan ƙasa, a 280 ya yi shunayya, a kusan 300 ya zama shuɗi. In an kai ga shuɗi, taurin wurin ya tafi, tsoma shi a ruwa bayan nan ba zai dawo da komai ba. Maƙera sun san haka tun kaka da kakanni: ƙarfen da aka riga aka ba ruwa, in ya sake shan wuta sai ya saki. Magani ɗaya ne, a cinye wurin da ya ƙone gaba ɗaya har a tarar da lafiyayyen ƙarfe. Ke nan ƙuna ɗaya washi biyu ce, kuma kowanne da tsawon cizal ake biyan sa.

Digiri 300 ba shi da nisa kamar yadda ake zato. Tsinin bakin cizal ya fi takarda siranta, ba shi da naman da zai kwashe zafi ya kai baya. Mai washi yana riƙe da gindin ƙarfen yana jin sanyi, can gaba kuwa baki ya riga ya ƙone.

Lissafin gudu shi ke nuna girman abin. Girandar benci ta gama-gari, a wutar da ake amfani da ita a Najeriya da Nijar, tana juyawa kusan sau 2,850 a minti. In dutsenta mai faɗin milimita 150 ne, gefen da ke taɓa ƙarfe yana gudun kusan kilomita 80 a awa. Girandar hannu ta masu walda, mai faifan milimita 115, tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, wato gefenta ya haura kilomita 230 a awa. Don yanka rodi da share walda aka ƙera ta. Ba ta da mazaunin da za a ɗora cizal, ba ta da abin da zai tsare kusurwa, kuma faifan yanka siriri ne da ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba, yana iya tarwatsewa a fuskar mai aiki. Duk da haka ita ce injin washin shaguna da yawa, saboda ita ce a kusa, ko ta maƙwabci mai walda ce ake ara.

Akwai abin da ke ruɗar mutane. Kafinta yana ganin makaniki ko mai injin lalo yana wasa bakin diril a giranda, ƙarfe ya yi zafi ya canza launi, ya kuma ci gaba da aiki lafiya. Wancan ƙarfe daban ne, shi ne wanda ake rubuta wa HSS a jiki. Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel a Amurka suka fito da hanyar gasa shi, suka ba duniya mamaki a baje kolin birnin Paris na 1900, inda aka ga baki ya yi ja don zafi yana kuma yankan ƙarfe. Irin wannan yana riƙe taurinsa har kusan digiri 600. Wuƙaƙen injin filen da ke kasuwannin katako galibi da shi ake yi. Cizal ɗin da ke aljihun kafinta ba ya cikin wannan dangi, kuma yi masa irin washin da ake yi wa diril shi ne ajalinsa.

Wani abin kuma shi ne, gaggawa ta haɗe ayyuka biyu mabambanta wuri ɗaya. Akwai fasa baki, akwai kuma fito da kaifi. Fasa baki shi ne cire ɓalli, daidaita bakin ya miƙe, a kuma kwantar da gangarensa a kusan digiri 25. Aikin ƙarfi ne, ana cin ƙarfe da yawa, kuma jifa-jifa ake yin sa: in an ci karo da ƙusa, ko cizal ya faɗi a siminti, ko washin dutse ya taru har gangaren ya yi kauri. Wannan na inji ne, ba gardama. Fito da kaifi kuwa shi ne a ɗan ɗaga ƙarfen zuwa kusan digiri 30 a kan dutse mai laushi, a goga tsinin kawai har yatsa ya ji ɗan siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, a kife shi a kan bayansa a share wannan, a ƙarasa a kan fata. Minti ɗaya ko biyu ne, ana yin sa sau da yawa a yini, kuma ƙarfen da ake ci bai taka kara ya karya ba. Wanzami bai taɓa kai askarsa giranda tsakanin kai da kai ba, dutse da fata suke raba shi da abokin ciniki lafiya.

Inji ma yana sauƙaƙa wannan aiki na biyu in an san shi. Da yake dutsen giranda zagayayye ne, gangaren da yake bari yana da ɗan kwarmi a tsakiya. In aka ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, tsini da dunduniya kaɗai ke taɓawa, cizal ya zauna daram ba ya rawa, guga kaɗan ta fito da kaifi. Ana iya maimaita haka sau da dama kafin kwarmin ya cike a sake komawa inji. Wanda ya tsaya a giranda kuwa, bakin da yake ɗauka ya kai wa katako cike yake da ƙananan haƙora da tsakuwar dutsen ta bari. Suna aske gashin hannu, shi ya sa gwajin ke yaudara, amma da sun shiga busasshen katako sai su kakkarye.

Wanda girandar benci ce kawai gare shi ba sai ya jefar da ita ba. Toka-tokan dutsen da take zuwa da shi mai tauri ne, da wuri yake toshewa ya yi santsi, daga nan ya daina ci ya koma guga, guga kuwa zafi ce zalla. Farin dutse mai saurin zubar da tsakuwarsa ya fi sanyi, kuma mai kaushi ya fi mai laushi sanyi, akasin yadda da yawa ke ɗauka. Ana share fuskar dutsen da abin gyara mai bakin lu'ulu'u kafin a fara, a kafa mazauni a kusurwar da ake so, tazararsa da dutse kada ta wuce milimita 3. A ɗora ƙarfen da nauyin yatsu kawai, ana kai shi dama da hagu ba tsayawa, yatsa ɗaya kusa da baki. Da yatsan ya ji ɗumi a tsoma a gwangwanin ruwa, tun launi bai fito ba. In bakin ya ɓalle, a fara tura shi a miƙe a cinye ɓallin, ya zama dakusasshe mai kauri, sannan a kwantar da gangaren. Kaurin nan shi ke kwashe zafi. A tsaya kuma saura ɗan zare a kai tsini, a bar wa dutsen hannu ragowar.

Injin da aka yi musamman don wannan aiki shi ne mai juyawa a hankali cikin ruwa. Wanda ya fi shahara na kamfanin Tormek ne da ke garin Lindesberg a ƙasar Suwidin, wanda Torgny Jansson ya kafa a 1973. Babban samfurinsu, T-8, yana da dutse mai faɗin milimita 250 da ke juyawa sau 90 a minti, gindinsa a cikin kwamin ruwa. Gudun gefensa bai fi kilomita 4 da ɗoriya a awa ba, tafiyar mutum a ƙafa. Babu tartsatsi, babu ƙura, ba kuma yadda za a yi ƙarfe ya ƙone ko da an danna da ƙarfi. Akwai maƙali da ke damƙe cizal a kusurwa ɗaya, akwai kuma faifan fata a ɗaya gefen don ƙarasawa. A Amurka akwai wata dabarar, Work Sharp 3000, wadda ke juya faifan gilashi da aka manna wa samfefa sau 580 a minti, iska na sanyaya ƙarfen, da kusurwa huɗu da aka riga aka saita: 20, 25, 30 da 35. Sai dai samfefar ta musamman ce, kullum cikin saye ake, abin da bai dace da wanda sai ya yi oda daga ƙetare ba.

Mai ruwan ma yana da nasa aibu, masu tallarsa ne ba sa faɗa. Yana da nawa sosai: babban ɓalli a faffaɗan ƙarfen filen zai sa mutum ya gaji da tsayuwa. Dutsen yana cinyewa, yana kuma karkacewa in ana yawan wasa siririn cizal a wuri ɗaya, ko aka bar gefe ɗaya ya kwana a ruwa. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne tun ba a zo maganar jirgi da kwastan ba. Kafinta mai yaro biyu da ke haɗa benci da allon makaranta ba zai saya ba, ba kuma wanda zai ga laifinsa.

Tsofaffin kafintoci suna da ƙorafin da ya fi na kuɗi nauyi. Sukan ce yaron da ya buɗe ido ya ga inji ba zai taɓa iya washi ba, ranar da babu wuta shi da cizal sai kallon-kallo. Suna da gaskiya, har fiye da yadda suke faɗa, domin akwai sassan aikin da inji ba ya taɓawa. Kaifi haɗuwar fuska biyu ne, gangare da baya. In bayan cizal bai kwanta sumul ba, ko yana da ramukan tsatsa, duk yadda aka gyara gangaren bakin zai fito da giɓi. Bayan nan a kan shimfiɗaɗɗen dutse ake gyara shi, sau ɗaya a rayuwar cizal in an yi da kyau. Yaron da ya kai bayan cizal gefen giranda ya lalata shi lalacewar da sai an yini ana gyara. Haka ƙarfen filen. Na jakfilen ana so bakinsa ya ɗan yi baka don ya kwashi katako da yawa, na filen gamawa kuma a ɗan kashe kusurwoyinsa kada su bar layi a fuskar tebur. Ƙarfen da ke danne shi ta sama, wanda ke karya ɓawon katako, dole bakinsa ya manne ba tazara, in ba haka ba ɓawo ya cushe a tsakani filen ya shaƙe. Tsarin filen ƙarfe da Leonard Bailey ya ƙirƙiro, wanda kamfanin Stanley ya sayi haƙƙinsa a 1869, shi ake kwaikwaya har yau, ƙarfensa a kwance a digiri 45. Ma'ana in yaro ya miƙar da gangaren a giranda har ya kusanci 45, dunduniya ce za ta riƙa gugar katako, filen ya yi ta zamewa ba ya ci, a ce ya lalace.

Amsar wannan ƙorafi tana hannun iyayen gidan kansu: yaro ya fara da dutse, sai ya iya fito da kaifin da zai yanki kan katako ya bar shi yana sheƙi, sannan a sake masa inji. Hana injin gaba ɗaya ba zai yiwu ba, saboda kayan aikin sun canza. Maɗaci da kawo da madobiya masu tauri ne tun asali, ƙirya kuwa masassaƙa ma suna jin jiki a kanta. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, yakan ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai taurin dutse a cikinsa, baki ya ci karo da shi ya ɓalle. Yanzu ga filawud da MDF, waɗanda gam ɗin da ke cikinsu ke dakusar da baki da sauri, ga tsohon katakon rufi da na akwatunan kaya da ake sake amfani da su, cike da guntayen ƙusa. Ɓallin da kafintan zamanin da yake gani jefi-jefi, na yanzu kullum yana tare da shi. Kuma dakusasshen cizal ya fi mai kaifi haɗari, don shi ake dannawa da ƙarfi har ya kufce ya sami tafin hannu.

Maganar lafiya ba a kan yatsu ta tsaya ba. Birnin Shefil na Ingila, inda tsofaffin cizal irin su Marples suka fito, ya biya kuɗin busasshen washi da rayukan mutane. A littafinsa na 1845 kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki, Friedrich Engels ya rubuta cewa masu washi a busasshen dutse da ƙyar suke kai shekara 35, masu yi da ruwa kuma ba kasafai suke wuce 45 ba. Ƙurar dutsen yashi ce ke cinye musu huhu. Duwatsun giranda na yanzu ba na yashi ba ne, kuma kafinta ba ya yini a kan washi, don haka haɗarin bai kai wancan ba. Amma ƙurar tana nan, ido kuma ba shi da madadi, ga gilashin kariya da bai kai kuɗin cizal ɗaya mai kyau ba. Dutsen giranda da ya tsage yana iya fashewa yana cikin gudu, shi ya sa kafin a ɗaura shi ake rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba: lafiyayye zai yi ƙara mai zaƙi, tsagagge ya yi ƙara a dushe. Sai babbar magana, tartsatsi a shagon da ƙasansa dusar katako ce, ga soso ga galan ɗin tina a gefe. Ɗan wutar da ya faɗa cikin dusa yana iya ci a ɓoye har a rufe shago a tafi gida. Kasuwannin katako sun sha gobara, ba sa bukatar ƙarin hanya.

To, in na Suwidin ya fi ƙarfin aljihu, na walda kuma ɓarna ne, me ya rage? Abin da ke cikin injin ruwa ba sirri ba ne: dutse, sanda, kwami, da abin rage gudu. Na farkon da Jansson ya sayar ma diril ɗin hannu ake maƙala masa ya juya shi. Motar lantarki mai juyawa sau 1,425 a minti, in aka bi da ita ta fuli da bel hawa biyu, kowane hawa ya rage gudu ninki huɗu, za ta sauko kusan 90. Masu haɗa injin markaɗe a Fanteka, ko a kasuwar Katako ta Yamai, kullum da fuli da bel suke aiki. Abin da za a kiyaye shi ne sandar ta miƙe kada dutse ya yi rawa, motar ta yi nesa da ruwa, a kuma haɗa mata wayar ƙasa. Ko girandar da ake juyawa da hannu ko da feda, irin ta masu yawon washin wuƙa gab da Babbar Sallah, ta fi ta walda dacewa da cizal nesa ba kusa ba, tunda mai juyawa ke da iko da gudun.

Ba kuma dole kowane shago ya mallaki nasa ba, tunda fasa baki ba aikin kullum ba ne. Inji ɗaya a hannun mutum ɗaya da ya ƙware zai ishi layi guda na kafintoci, ana biyan sa kan kowane baki, kamar yadda ake kai katako wurin mai injin tsagawa a Na'ibawa a biya. Ƙungiyoyin kafintoci da ke karɓar kuɗin mako suna iya sayen na farko su ɗora wani a kai. Wuta ma ba za ta zama uzuri ba. Motar T-8 wat 200 ce, wato yunit ɗaya na wuta zai juya ta awa biyar. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A a Najeriya a watan Afrilun 2024, awa ɗaya ta washi naira 45 ce, kuma ƙaramin janareta ko batirin sola na shago zai ɗauke ta ba tare da an kashe fanka ba.